Tambayi Injiniya: An sayo babbar rauta, intanet ɗin ofis kuma na tafiyar hawainiya

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, rautar ofis, wato na'urar da ke raba intanet, da wayoyinta, shine na ce bari in haɗa su waje guda. Masu tambayar wayar hannu da ta faɗa ruwa ku yi haƙuri, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Injiniya, dan Allah a taimaka min kafin oga ya cinye ni ɗanye. Ni ke kula da kwamfutoci a ofishinmu, mun kai mu 40. Da ƙaramar rauta irin ta gida muke amfani kullum sai an kashe an kunna, shine oga ya aika Legas aka sayo mana Cisco ISR 4321 tokumbo, muka kuma ja faiba muna biyan kuɗin mega 200 duk wata. Toh wlh tunda aka haɗa ban taɓa ganin ta wuce 50 ba, amma in na cire rautar na jona laftof ɗina kai tsaye sai in ga kusan 200 ɗin, kuma fa a jikinta an rubuta GE wai gigabit. Jabu aka sayar mana ne ko me? Daga mai karatu a Barnawa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, ba jabu ba ce, haka aka ƙera ta. ISR 4321 tana fitowa ne da takunkumin mega 50, kuma 50 ɗin nan na shiga da fita ne a haɗe, in ka sayi lasisin ƙarin ƙarfi sai ta koma 100. Yayarta 4331 tana farawa daga 100 lasisi ya kai ta 300, 4451 kuma daga giga 1 zuwa 2. Akwai wani lasisin da suke ce wa Boost mai cire takunkumin gaba ɗaya, shi ma da kuɗinsa. In kana so ka gani da idonka shiga cikinta ka rubuta show platform hardware throughput level, za ta faɗa maka lambar da bakinta, sai ka ɗauki hoton ka kai wa oga.

GE ɗin da ka gani faɗin ƙofar ne kawai. Ka san yadda Ahmadu Bello Way take da faɗi amma da yamma duk mai komawa Barnawa ko Kakuri sai ya bi layi ya tsallake kogi ta kan gada? Toh fot ɗin, wato ramin da ake jona kebul, shine titin, injin da ke ciki shine gadar. Nan ne mutane da yawa suke faɗawa, su ƙirga ramukan da ke jikin rauta su ce ai ta yi, alhali abin tambaya shine mega nawa take iya turawa bayan an kunna NAT mai raba adireshin intanet ɗaya ga kwamfutoci da yawa, da fayawol mai tare kutse, da VPN mai ɓoye saƙonni a hanya, domin kowanne daga cikinsu yana cin ƙarfin injin, VPN ya fi kowa ci saboda sai ta kulle kowane saƙo ta buɗe.

Shawarata, kafin ku kashe ko sisi a kan lasisi ku sani Cisco ta daina sayar da wannan jerin tun 2023, Catalyst 8200 da 8300 ne suka gaje su, kuma lasisi a kan kayan tokumbo da ba a san asalin mai shi ba wani ciwon kai ne daban. Ofis mai mutum 40 da mega 200, MikroTik RB5009 za ta ɗauke ku ba tare da ta yi gumi ba, tana da fot 7 na giga 1, ɗaya na 2.5, ga ramin SFP+ na giga 10 (SFP ɗan ƙarfe ne da ake cusawa a jona faiba), RAM ɗinta giga 1, kuma babu wani takunkumin gudu da sai an biya a cire. Na san wasu abokan sana'a za su ce na ci amanar Cisco, ni dai aljihun oga nake dubawa. In kuwa hedikwatarku ta ce dole sai Cisco saboda haɗin rassa, toh wannan magana ce ta daban, a nemi wadda ta dace tun farko. Ita 4321 ɗin kar a yar, in kuna da ƙaramin reshe a Zariya ko Kafanchan za ta yi aiki lafiya lau.

Wani abu kuma, duba kwalin ko an haɗo maka da kebul ɗin konsol, shuɗi ne mai haske, falale kamar taliyar da ba a yanka ba. Kansa RJ45 ne amma ba na netwok ba ne, da shi ake shiga rauta ranar da komai ya tsaya, a saita gudun 9600 a manhajar PuTTY. Masu tokumbo sun saba cire shi. Sayi naka ka ɗaure shi a jikin rak ɗin, wato akwatin ƙarfen da ake jera na'urorin a ciki.

TAMBAYA: Oga Injiniya barka da aiki. Ni mai wayarin ne, wutar gida nake ja shekara da shekaru, yanzu wani Alhaji ya ba ni aikin jan kebul na intanet a makarantarsa da kyamarori. Na je kasuwa na tarar da kwali biyu duk an rubuta Cat6 amma ɗaya rabin kuɗin ɗaya ne, wanne zan ɗauka? Sannan daga ofis zuwa ɗakin maigadi na auna mita 130, ba matsala ko? Daga Tudun Wada.

AMSA: Malam na gode da ka tambaya kafin ka saya, da yawa sai sun rufe silin suke kirana. Ka ce wa mai shagon ya yanko maka ɗan taƙi daga kowane kwali, ka fere roba ka kankare silin wayar da reza. In ya tsaya ja har ciki jan ƙarfe ne zalla, in kuwa ka ga fari ya leƙo toh alminiyom ne aka yi wa fenti da jan ƙarfe, shi ake kira CCA, wani lokacin ma an rubuta a jikin kwalin da ƙananan baƙaƙe. Ko ɗaga kwalin ka yi za ka ji, duk mita 305 ne amma na arahar ba nauyi. Kai da ka san wuta ba sai na yi maka dogon bayani ba, alminiyom bai kai jan ƙarfe ɗaukar wuta ba kuma yana karyewa in an lanƙwasa, su kuwa kyamarorin nan da na'urorin Wi-Fi na silin ta cikin kebul ɗin suke shan wutarsu, PoE kenan, wat 15.4 a tsohon tsari, 30 a na biyu, sabon ma har 90. Sa musu CCA ka ga yadda kyamara za ta yi lafiya da rana, da daddare in ta kunna fitilunta sai ta ɗauke. Arha ba ta ado, kuma kai Alhaji zai kira ba mai shago ba.

Cat5e ma yana ɗaukar giga 1 har mita 100, Cat6 ya fi shi jure hayaniya kuma yana iya giga 10 in bai wuce mita 55 ba, Cat6A ne ke kai giga 10 har 100. Makaranta Cat6 na gaske ya ishe ta.

Mita 130 kuwa matsala ce. Iyakar kebul ɗin nan 100 ce, 90 a cikin bango, 10 na gajerun wayoyin da ake jonawa a bakin biyu. Wani zai ce maka ai ni na ja 120 ya yi, e yana iya kawo wuta yau, gobe ya koma mega 10 jibi ya ɗauke, ka yi ta zargin suwic, wato akwatin da kebul-kebul ɗin suke haɗuwa a ciki. Kuma ko da mita 60 ne ni ba na jan wayar ƙarfe daga gini zuwa gini a garin nan, ka san yadda tsawa take a farkon damina. Na taɓa zuwa wani waje da aka rataya kebul a iska daga wannan bene zuwa wancan, dare ɗaya suwic biyu da fot ɗin rauta suka tafi, tsawar ma ba a kan ginin ta sauka ba. Ja faiba zuwa ɗakin maigadin, gilashi ne, wuta ba ta bin sa.

Sai ladubban aikin, tunda ya bambanta da wayarin ɗin da ka saba. Kar ka haɗa shi da wayar wuta a fayif ɗaya ko tirankin ɗaya, kar ka karya masa kwana kamar yadda ake wa wayar wuta ta 2.5, kar ka buga masa kilif har ya lotse, kuma ba a yi masa ɗori da salatif sam, in ya gaza a sake ja. Murɗin nan da ka ga an yi wa silin biyu biyu shine maganin hayaniya, in za ka matse kai kar ka warware fiye da milimita 13. Jerin launi na 568B da aka fi bi: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ƙasa, baki biyun iri ɗaya. Giga 1 sai duk silin 8 sun taɓa, mega 100 kuwa 4 kawai take buƙata, shi yasa in shuɗi ko ruwan ƙasa bai zauna ba za ka ga intanet na aiki amma ya maƙale a 100, kowa ya rasa dalili. Ɗan'uwana na Barnawa kai ma ka duba wannan bayan ka gama da rautar. Sayi ɗan gwajin kebul mai fitilu 8, ka kuma rubuta lamba a bakin kowane kebul, sannan a cikin silin a sa fayif domin ɓeraye ba su san Cat6 ba.

TAMBAYA: Injiniya na sayi SFP guda biyu na haɗa rauta da suwic ta faiba amma fitila ta ƙi kamawa. Ɗalibi daga Kawo.

AMSA: Ƙanena ba ka faɗa min irin su ba, amma fara da juya kawunan faibar, wato LC, a gefe ɗaya, sili ɗaya na aikawa ne ɗaya na karɓa, sau da yawa shi kenan matsalar. In bai yi ba karanta jikin SFP ɗin. SX na faibar multimode ce, mita 550 iyaka, LX na single mode ce mai rigar ruwan ɗorawa, tana kai kilomita 10, kuma dole baki biyun su zama jinsi ɗaya. SFP+ na giga 10 ba zai tashi a ramin giga 1 ba duk da zai shiga daram. Kan faiba mai launin kore ba a cusa shi inda ake son shuɗi, yankan bakinsu daban ne. Wasu rautocin kuma ba sa karɓar SFP ɗin da ba na kamfaninsu ba. Ƙurar hunturu kaɗai ma ta isa, in ka bar kan a buɗe ba murfi sai an goge. Kuma dan Allah kar ka leƙa ciki da ido wai ka ga ko akwai haske, na LX ido ba ya ganinsa amma yana illa.

TAMBAYA: Sannu da ƙoƙari ɗana. Ina da ɗakin gwaje-gwajen jini, yaron da ya haɗa mana netwok ya sa rautar a cikin wata ƙaramar durowa ya kulle wai saboda ɓarayi. Tun shigowar zafin nan kullum wajen azahar sai ta mutu ta tashi da kanta, in aka ɗauke wuta kuma kafin jen ya tashi ta dawo mun yi asarar minti goma, marasa lafiya na zaune suna jiran sakamako. Daga wata Hajiya a Unguwar Rimi.

AMSA: Hajiya ina gaisuwa. Rautarki zafi ne ke kayar da ita. Irin waɗannan na ofis yawancinsu an rubuta musu digiri 0 zuwa 40, Kaduna kuwa a Maris da Afrilu waje ma yana dosar 40 ɗin, balle cikin durowar da ba iska ga ita kanta tana fitar da nata zafin. A sayo rak na bango, yawancinsu faɗinsu ɗaya ne inci 19, ana auna tsayinsu da U, kowane U milimita 44 da ɗoriya, mai 9U ko 12U da fanka a sama zai ɗauki rauta da suwic da wajen jera kebul, yana da makulli kuma, hankalin yaronki ya kwanta. A bar sarari ta inda take shaƙa da inda take fitarwa, in hunturu ya wuce a kashe ta a hure ƙurar fankokin.

Minti goman da kike asara kuwa ba laifin jen ba ne shi kaɗai, manyan rautoci suna ɗaukar mintoci kafin su gama tashi, dan haka dabarar ita ce kar a bari ta mutu tun farko. A sa mata UPS, wato batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, amma a haɗa har da suwic da ɗan akwatin faibar masu intanet, in an manta shi rauta za ta zauna a kunne ba abin da za ta raba. In kina da inbata da sola a ja musu layinsu daban, kar a haɗa da soket ɗin da ake jona firij da hita. Sannan ki sa a duba bayanta, akwai wajen ɗaura wayar da ke sauka ƙasa, kore da ruwan ɗorawa, mai wayarin ya haɗa ta da rak ɗin zuwa sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa, a gwada a tabbatar tana aiki, domin gidaje da yawa ƙafa ta uku ta soket ɗin ba a jona ta da komai ba. A yi wannan kafin ruwan farko ya sauka Hajiya.