Tambayoyinku: Gurup ɗin gwanjon soja zai riƙe mini gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a Garin Malam, nan Damagaram. An tallata mini gurup mai gazuwal, gwanjon sojan Amurka, kilowat 10, an rubuta MEP-803A a jikinsa. Mai shi ya ce zai yi shekara ashirin bai ga makaniki ba. A gida ina da firigo ɗaya, fanka huɗu, talabijin, fitilu, da injin tura ruwa zuwa tanki. Bazara ta ƙarato, ga mahaifiyata ba ta jure zafi in an ɗauke wuta. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya saka maka da alheri.

Mai inji bai yi ƙarya ba wajen ƙarko. Injin Lister-Petter ne mai silinda huɗu, yana juyi 1800 a minti, alhali ƙananan gurup na kasuwa 3000 suke yi, shi ya sa suke saurin gajiya. Ba shi da ƙara sosai, nauyinsa kuma ya kai rabin tan. Ina son injin nan. Amma don gidanka, Malam, shawarata kada ka saya.

Ka koma ka duba farantin da aka liƙa masa, za ka ga 60 Hz, wato wutarsa tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa. Wutarmu ta Nijar bolt 220 ce a kan 50 Hz, kayanmu kuma a kanta aka ƙera su. Cajar waya da talabijin na zamani ba ruwansu, galibinsu suna karɓar duka biyun. Galibin abin da ke da motar lantarki mai juyawa a ciki kuwa, gudunsa zai ƙaru da kashi 20 cikin 100. Fanka za ta jure. Injin ruwanka ne abin tausayi: in gudunsa ya ƙaru haka, ƙarfin da yake nema yana ƙaruwa da kusan kashi 70, sai ya yi zafi har waya ta ƙone. Kai kuma ka san darajar tanki cike a garin nan.

Wani zai ce maka a sassauta gudun zuwa 1500, ai an sami 50 Hz. Kada ka yarda. Na'urar da ke daidaita bolt ɗinsa ba a yi ta don wannan gudun ba, wahala take sha har ta lalace, ita kuwa ba a Kasuwar Dole za ka same ta ba, ko Kano sai an sha yawo. Akwai ma ɗan'uwansa MEP-813A, kamarsu ɗaya, amma 400 Hz yake bayarwa, wutar rada da jiragen sama. Wannan ko kyauta aka ba ka, ba ya da amfani a gida.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wutar ke fitowa. A gidajenmu waya ɗaya ce mai wuta, ɗayar ba ta kamawa. Shi kuwa in kana son bolt 240, wayoyi biyu zai ba ka, kowace da bolt 120 a jikinta. Makunnin bango waya ɗaya yake yankewa, don haka yaro zai kashe fitila ya sa hannu ya canja ƙwai, alhali wuta na nan. Ana iya gyara tsarin da taransifoma ko makunnai masu yanke waya biyu, amma aikin ƙwararre ne, kuɗi ne kuma a kan kuɗi.

Sai lissafin kaya. Firigo wat 150, fanka huɗu wajen 300, fitilu da talabijin 200, injin ruwa mu ce 750. Duka ba ka wuce kilowat ɗaya da rabi ba, da dare ma ko rabin haka ba za ka kai ba. Injin gazuwal yana son a ɗora masa aƙalla kashi 30 na ƙarfinsa, wato kilowat 3 ga wannan. In ya daɗe yana aiki ba kaya, ba ya ɗaukar zafin da zai ƙone mai sarai, sai ka ga baƙin ruwa mai maiƙo yana ɗiga daga bututun hayaƙi, ciki kuma yana ta tara dauɗa. Kamar ka ɗaure raƙumi ne don ɗaukar buhu guda, ga ci ga lalacewa. Da cikakken kaya yana shan kusan lita 4 a awa. A farashin sefa 618 da aka tsayar wa lita a 2024, awa ɗaya ta wuce jika biyu. Matatar mai ta SORAZ tana nan kusa da mu tun 2011, amma ba ta sa gazuwal ya zama kyauta ba. Batir ma biyu yake ci, don da bolt 24 yake tashi.

Kada ka manta da takardu. Sojan Faransa sun bar ƙasar nan a Disamba 2023, na Amurka sun fita daga Agadez a 2024, kuma a yanayin tsaron da muke ciki kayan soja ba abin ajiyewa a zaure ba ne babu shaida. Duk mai sayarwar da ya kasa nuna maka takardar duwan da rasit, ka yi masa sallama.

Wa injin ya dace da shi? Mai walda, mai injin niƙa, ko mai sana'ar ƙanƙara, wanda ke da kaya masu nauyi da makanikin da ya san shi. Su ma gara su nemi MEP-804A mai kilowat 15, wanda ake iya juya shi zuwa 50 Hz. Kafin su biya, a tada shi a gabansu da safe yana sanyi, a jona masa dutsen guga da hita har awa guda, a ga launin hayaƙi da tsayuwar allurar mita.

Kai kuwa, da ni ne, kuɗin zan raba biyu. Farantan sola da batir su riƙe fanka da fitilu, Hajiya ta kwana da iska ba ƙara ba hayaƙi. Sai ƙaramin gurup na kilowat 3, mai 50 Hz da bolt 220, don injin ruwa da firigo. Ko wanne ka saya, a sa maka makunnin canja layi wanda zai raba gidanka da layin kamfanin wuta NIGELEC kafin gurup ya shiga. In babu shi, wutarka za ta koma waje ta kama ma'aikacin da ke kan falwaya yana zaton an kashe layi. Gurup kuma a fili yake kwana, nesa da tagar ɗaki, domin iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, mai barci ba ya jin shigarta. Lokacin hazo ka riƙa buɗe matatar iska kana kakkaɓewa duk mako.