Amsa ga mai tambaya kan zuwa koyarwa a ƙasar waje

Malam, tambayarka ita ce ko wanda ya je koyarwa ta ɗan lokaci a waje yana samun fahimtar al'adun mutanen, ko kuwa aiki ne zai cinye lokacinsa. Na koyar da Hausa a wata jami'ar Amurka ƙarƙashin shirin Fulbright, wanda ke ɗaukar malaman Hausa da Yarbanci daga Najeriya na shekarar karatu guda, kuma a cikin aji na fi ƙaruwa. Tun makon farko ɗalibai suke kirana da sunana gatsal, wata ɗaliba ma ta dube ni ido cikin ido ta ce bayanina bai gamsar da ita ba. Mu a Agege rashin kunya za mu kira wannan, alhali a wurinsu alamar mai da hankali ce.

Kuskuren da ke damuna shi ne mutum ya maƙale wa 'yan ƙasarsa kaɗai, ya riƙa ƙin gayyatar cin abinci saboda tsoron haram, maimakon ya bayyana abin da ba ya ci, wanda galibi suna mutuntawa.

Batun biza kuwa, kada ka biye wa dillalai. Ka nemi bayani a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Victoria Island a Legas.