Ciyawa a gonar inabi, ba ta cinye wa saiwa abinci kuwa?

TAMBAYA: Salam Malam. Ina ganin gonakin inabi an bar ciyawa kore shar tsakanin layuka, wai ma da gangan ake shuka ta. To ba za ta shanye ruwa da takin ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tana sha mana, ai wani lokacin abin da ake so ke nan. Shi inabi in ya samu daɗi da yawa sai ya yi ta tofo, ganye ya rufe 'ya'yan, iska ba ta ratsawa, sai ruɓa. Amma in aka shuka sha'ir ko ciyawa tsakanin layukan, ita ke kama saman ƙasa da siraran jijiyoyinta, shi kuma dole ya rage saiwa a nan ya nutsa ƙasa neman danshi, dama yawancin saiwarsa tana cikin mita 1 na sama ne duk da wasu kan zarce mita da yawa, to kaga ganye ya ragu, 'ya'yan su ɗan ƙanƙance amma su samu rana.

Ni abin da ya fi burge ni yana can ƙarƙashi. Akan shuka dangin wake ma tsakanin layukan, ka tuge guda ɗaya ka duba saiwar, za ka ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle, in ka fasa cikinsu jaja-jaja ne, bakteriya ce a ciki take kamo naitirojin, wani sinadarin taki, daga iska, in shukar ta ruɓe ya koma ƙasa. Akwai kuma wata funfuna, maikoraiza, da ke shiga saiwar inabi tana jawo masa fosfaras, wani sinadarin takin, shi kuma yana ba ta sukari, ita kam ba ta son yawan huɗa don tsinka mata zare ake yi. Tsutsar nan tana ita ma haka, ƙasar da ke rufe da ciyawa ta fi so, ramukanta kuwa su ke sa ruwa ya shige maimakon ya kwashe ƙasa ya tafi.

Mustad, wani tsiro da shi ma ake shukawa tsakanin layukan, daban ne, ba ya hulɗa da wannan funfunar, sai dai yana iya rage tsutsotsin nematod masu cin saiwa.

Sai dai fa in inabin sabon dashe ne bai kai shekara 3 ba, ko wurin ruwa ya yi ƙaranci, ciyawar na iya tsumburar da shi. Nan sai a yanke ta da wuri a bar ta a kwance, ko a shuka layi ɗaya a tsallake ɗaya, gindin kuma a bar shi fili.