Asalin jirgin L-39 da ake horar da matuƙa da shi a Kano

Malam, ka tambayi ko ƙananan jiragen nan masu ƙara da ke tashi daga wajen filin jirgin saman Malam Aminu Kano na yaƙi ne, kuma a ina aka ƙera su. Galibi L-39 Albatros kake gani, na makarantar horar da matuƙa ta Rundunar Sojin Sama da ke nan Kano.

Kamfanin Aero Vodochody na tsohuwar ƙasar Cekoslobakiya ne ya ƙera shi, ƙarƙashin jagorancin injiniya Jan Vlček, domin ya gaji tsohon jirgin horarwa mai suna L-29, kuma ya fara tashi ranar 4 ga Nuwamba, 1968. Injinsa ɗaya ne, AI-25TL, ƙirar Tarayyar Sobiyet. Ɗalibi yakan zauna a gaba, malaminsa a baya, kujerar malamin kuma an ɗan ɗaga ta domin ya riƙa hango abin da ke gabansu. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka ɗora kafofin shigar iska a saman fikafikai, don kada injin ya zuƙi tsakuwa idan jirgin ya sauka a filin da ba kwalta. Wanda ya san ƙasarmu zai gane darajar wannan dabara.

An ƙera fiye da 2,800. Najeriya ta sayi samfurin L-39ZA a shekarun 1980, kuma shi wannan yana ɗaukar bindiga da rokoki, saboda haka ko da yake koyarwa ce aikinsa na asali, yana iya kai farmaki idan buƙata ta taso.