Hukuncin haɗa ƴan mutum-mutumin elf da yi musu fenti

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Maradi. Yayana da ke Faransa yana aiko mini da ƴan mutum-mutumin roba na wasan yaƙin Warhammer, sojojin elf, mutanen tatsuniyar Turawa masu kunnuwa masu tsini. Ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba. Gunduwa-gunduwa suke zuwa, ni ke manna su da gam in yi musu fenti, mu jera su bisa tebur da abokai. Abokina ya ce ba laifi, tunda babu elf cikin halittar Allah, ban kwaikwayi kowa ba.

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Fenti ka sa a gaba, ni kuwa gam ɗin ne ya tsaya mini a rai. Malamanmu na Malikiyya sun haramta surar mai rai idan tana da inuwa, wato mai jiki ce ba zane ba, kuma gaɓoɓinta sun cika. Yadda kamfanin ya aiko su, kai daban, gangar jiki daban, ba a yi sura ba tukuna. Ran da ka ɗora kan bisa wuya, ka ɗauko siririn buroshi ka ɗiga ƙwayar ido, ran nan aka yi ta, kuma hannunka ya yi.

Maganar abokinka ta yaɗu tsakanin matasa, don haka bari in daɗe a kanta. Dubi elf ɗin da kyau. Fuska ta ɗan Adam, yatsu biyar, ƙafa biyu, kunne kawai aka ja. Wane sashe ne mai sassaƙar bai aro daga halittar Allah ba? Da tsawaita kunne na halatta gunki, da kowane mai sassaƙa ya ƙara wa nasa ƙaho ya huta. Malaman Shafi'iyya sun ambaci wannan ƙarara, suka ce hanin ya haɗa da abin da ba shi da makamanci, suka buga misali da doki mai fukafukai. Na san zai kawo maka dokin Nana A'isha mai fukafukai, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani ya yi dariya. Hadisin na nan a Abu Dawud. Amma kayan wasan yarinya ne, rangwamen kuma na yara ne. Kai gemu ya fito.

Ƙanƙantarsu ba hujja ba ce, tunda kana iya zana musu gira. In akwai kuɗi a wasan, caca ce, babu saɓani. Ba ka kuma faɗa mini ana jefa ƴaƴan lido don yanke wanda ya ci ba, alhali na san da su ake wasan. Hadisin da ya hana nardi, wani wasa da ake yi da jefa irin waɗannan ƴaƴan, bai bar wannan ba, ka nisance shi.

Waɗanda ka riga ka haɗa, cire kawunansu, kamar yadda Jibrilu ya yi umarni a yanke kan mutum-mutumi ya koma kamar itace. Hannun da ke iya zana ido a wurin da bai kai ƙwayar gero ba, kada a bar shi ya mutu. Ka yi ganuwa, itatuwa, tsaunuka da gidaje, ba kowa da zai hana ka. Ka kuma gaya wa yayanka da ladabi, kuɗin da yake kashewa a aiko su ya juya su littattafan karatunka. Kada kuma a kira Magariba kana wanke buroshi.

Wallahu a'alam.