Akurkin kaji da ake iya matsarwa: amsa ga mai tambaya

Assalamu alaikum. Malama, na karanta tambayarki inda kika ce kina zaune a gidan haya, mai gidan bai yarda a yi gini da bulo ba, kuma kina son akurkin da zai ɗauki kaji 8 wanda za a riƙa matsar da shi a bayan gida. Sau biyu na sa aka yi mini irinsa a nan Zariya, kuma na biyun ne nake amfani da shi shekara 5 ke nan, saboda haka abin da na gani da idona zan faɗa miki.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne nauyi. Na farkon da na yi, na bar wa kafinta wuƙa da nama, shi kuwa ya zuba katako mai kauri, ya shimfiɗa falanki a ƙasa gaba ɗaya, ya rufe saman duka da kwano, don a ganinsa ƙarko shi ne ado. Sai da maza huɗu suka taru kafin ya motsa, kuma tun da ba kullum ake samun maza huɗu a gida ba, haka ya zauna wuri ɗaya har damina ta wuce, ƙarƙashinsa ya zama matattarar wari da ƙuda. Ranar da muka tashi daga gidan kuma ya ƙi fita ta ƙofar zaure, dole aka ɓaɓɓalle shi da guduma. Don haka kafin a yanka katako ko ɗaya, ki auna faɗin ƙofar gidanki, kuma ki sa a ranki cewa ke kaɗai za ki riƙa jan sa.

Wanda nake da shi yanzu tsawonsa ƙafa 8 ne, faɗinsa ƙafa 4, tsayinsa kuma ƙafa 2 da rabi, yadda idan aka kwantar da shi ta gefe yana wuce ƙofa mai faɗin ƙafa 3. Wannan ya ba kowace kaza cikin 8 fili ƙafa 2 a tsaye, ƙafa 2 a kwance, kuma ban ba ki shawarar ki wuce wannan adadi ba, domin cunkoso ne ke sa su fara tsattsagar juna da shan ƙwai. Katakon da ake kira 2 bai 2 kimanin guda 10 ya ci, sai 2 bai 3 guda biyu a ƙasa waɗanda aka bar bakinsu ya fito ya zama mariƙi, kwano 2, da raga kimanin yadi 12. Kashi ɗaya cikin uku shi ne ɗakin kwana, mai rufin kwano da ƙaramar ƙofa, da daɓen siririn katako da aka ɗaga inci 4 daga ƙasa saboda ruwan damina. A ciki akwai sandar hawa da akwatunan saka ƙwai 2, kowanne ƙafa 1 ta kowane gefe, ga kuma murfi ta waje don a ɗauki ƙwai ba sai an durƙusa ba. Sauran kashi biyun raga ce kawai, ba daɓe, don kajin su yi tono, su ci ciyawa da ƙwari.

Kada ki yi tsumulmula wajen raga. Na taɓa sa mai manyan idanu saboda ta fi araha, wata safiya na tarar da 'yan tsaki uku a jikinta ba kai, wani abu ya zura hannu cikin dare ya jawo su. Mai ido rabin inci ita ce ke hana muzuru, gafiya da galibin macizai. Ki kuma bar ragar ta kwanta a ƙasa ta waje kamar ƙafa 1 kewaye da akurkin, a danne ta da duwatsu, domin mai tono yakan fara ne daga gindin bango, idan ya ci karo da raga sai ya haƙura. Shirwa kuwa rufin ragar sama ya ishe ta.

Wajen taya, tayar baro guda biyu na sa, marasa iska, don ƙaya ba ta yi musu komai, mai walda ya yi musu sandar rodi. An ɗaura su ne a ƙarshen ɓangaren ɗakin kwana, inda nauyin yake, ta yadda ba sa taɓa ƙasa sai an ɗaga mariƙin kamar mai turin amalanke. Idan tayar ce ke ɗauke da akurkin koyaushe, za a bar rata a ƙasa wadda ɓera zai shiga ta nan. Da sassafe nake matsar da shi, tun kajin suna rufe a ɗakin kwana, saboda na taɓa karya ƙafar budurwar kaza da na ja shi suna waje. A damina kullum nake matsarwa, da rani kuma bayan kwana uku, in share kashin in tara don takin lambu. Idan bayan gidanki siminti ne, ki baza buntun shinkafa ko yashi a inda zai zauna.

Zafin bazara ya fi sanyi kashe kaji a irin wannan ƙaramin akurki, domin kwanon yana kusa da kansu. Daga Maris zuwa Mayu nakan ɗora zana a kan kwanon, in bar ɗan sarari tsakaninsu don iska ta ratsa, in tura akurkin ƙarƙashin darbejiya kafin hantsi, ruwan shansu kuma a kaskon ƙasa. Da hunturu sai in rataya buhu ta gefen da iska ke bugowa, amma ba na toshe shi duka. Saboda gara, na shafa baƙin mai a katakon da ke taɓa ƙasa ta waje kawai, na bar shi ya bushe sosai kafin kaji su shiga, kodayake yawan matsarwar ma ba ya barin gara ta kama wuri.

Akurkin zai raba kajinki da na maƙwabta, amma ba zai maye gurbin rigakafi ba, musamman na cutar Niyukasil da ke share kajin unguwa lokacin hunturu. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin rigakafin, kuma likitan dabbobi zai nuna miki yadda ake bayarwa. Duk kazar da kika sayo daga kasuwa ki ware ta mako biyu kafin ki haɗa ta da sauran.

Kuɗin da kika tambaya kuwa, farashin kaya ba ya zama wuri ɗaya, don haka ki sayo katako da raga da kanki, ki biya kafinta kuɗin aiki. Ranar da ya ce ya gama, ki kama mariƙin ki ja akurkin a gabansa kafin ki cika masa kuɗinsa, idan ya yi miki nauyi ya rage katako tun yana wurin.