Ƙanenka ya yi shiru ne ko ya fallasa barazanar?

Malam, kana tambaya ko ƙanenka da ake tsoratarwa saboda kare haƙƙin manoma ya yi shiru. A'a, ya fito ya faɗa. Amma tukuna ya ɗauki hoton kowane saƙon barazana, da lambar da ta turo, da ranar, ya ba lauya kwafi, sannan ya sanar da Front Line Defenders, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai taimaka wa masu kare haƙƙin ɗan Adam da ke cikin haɗari.

Sai dai kada ya ɗauka shahara garkuwa ce. Berta Cáceres, mai fafutukar kare muhalli a ƙasar Honduras, ta karɓi kyautar Goldman ta masu kare muhalli a 2015, duniya ta san ta, amma a Maris 2016 'yan bindiga suka kashe ta cikin gidanta. Don Allah ya riƙa canza wurin kwana da hanyar da yake bi.